Ƙofar Ruwa a Kedah

Ranar Lahadi ce bayan sallar la'asar, cikin watan Rajab na shekarar da Safiya ta gama karatun haɗa magunguna, a falonmu na Setapak, cikin Kuala Lumpur. Mu uku ne a zaune: ni, da mahaifinku Malam Lawal, da Safiya a bakin ƙofar kicin. Na huɗu yana Zariya, muryarsa ce kawai ke tare da mu ta wayar da aka ajiye a kan tebur, wato Alhaji Sabo, yayan mahaifinku, wanda ya riƙe shi tun rasuwar iyayensu. Kai Mubarak kana makarantar kwana a lokacin, ba ka ji komai ba. Na fara da wannan zama ne saboda maganar da ka dawo mini da ita bara daga gida, cewa a can ana faɗin na ɓoye wa dangi cutar da ke gidan su Hafiz don in samu in aurar da 'yata ga baƙo. Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo kafin aikin koyarwa ya kawo mahaifinku ƙasar nan, na kuma san cewa labarin da aka bari ba a gyara ba, wata rana shi ake kira tarihi. Saboda haka ga yadda aka yi.

Hafiz abokin aikin Safiya ne a asibitin da ta yi horo, ɗan jihar Kedah, can arewa kusa da iyakar Tailan. Ya sha zuwa gaishe mu. Yakan tuɓe takalmi tun daga matakala, ya zauna a ƙasa ko an nuna masa kujera, ya ci tuwon shinkafa da miyar kuka har ya nemi ƙari. Mahaifinku ya yaba da shi, amma bai taɓa yanke wata babbar magana ba sai da yawun yayansa, shi ya sa aka buga wayar.

"Ni ban ce yaron ba Musulmi ba ne," in ji Alhaji Sabo. "Amma Lawal, a ina ka taɓa jin an ba da 'ya gidan da ba a san zaurensa ba? Wa ya san ubansa? Wa ya san kakansa? Ko ɗan Tudun Wada ne sai an tura an bincika, balle wanda ko sunan garinsu bakina ba ya iya faɗa."

"Haka ne, Yaya."

"To wa za ka tura? Ba ka da kowa a can. A bar maganar nan kawai."

Na dubi Safiya. Ta ƙura wa tayil ido, ba ta ko motsi. Sai na matso kusa da wayar na ce, "Alhaji, ni zan je."

"Wace ce wannan? Bilkisu? Uwa ce za ta yi binciken mijin 'yarta? 'Yar fari ce fa! Ina kunya ta tafi?"

"Allah Ya ƙara maka lafiya, in akwai wanda ya fi ni cancanta a kusa, a nuna mini shi in miƙa masa makullin mota."

Daga baya ya ce ya yarda, bisa sharaɗi guda: duk abin da na gano, a kunnensa zan faɗa, ba a kunnen mijina kaɗai ba. Na yi masa alkawari, mahaifinku da Safiya suna shaida.

Ku da kuka tashi a nan ba ku san binciken asali ba, don haka bari in faɗa muku ƙa'idarsa. Mai bincike ba ya shiga gidan da ake bincika, ba ya kuma faɗin abin da ya kawo shi. Yakan tsaya wurin mai shago, ko mai wanki, ko tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layi, ya jawo hira daga nesa har ta biyo ta ƙofar gidan. Abin da ake nema sananne ne: ko akwai sata a zuriyar, ko ana wulaƙanta mata, ko akwai wata cuta mai bin jini, musamman taɓin hankali. In aka samu ɗaya daga ciki, ba a ce wa kowa komai. Sai dai masu neman aure su ji an ce a ƙara haƙuri, su yi ta haƙuri har su gane. Irin wannan bincike aka yi wa mahaifinku kafin a ba shi ni, haka aka yi wa gidanmu.

Mahaifinku ba zai je ba, uba ba ya wannan aiki da kansa, ga kuma jarrabawar ɗalibansa ta zo. Ni kuwa duk zamana a ƙasar nan ban taɓa tuƙi na wuce Rawang ba. Sai na tafi Cheras wurin Rifkatu, 'yar Pankshin, malamar jinya, wadda kuke kira Anti Rifi. Ta fi ni jin Malayanci saboda zama da marasa lafiya, ba ta kuma da tsoron kowa.

"Wato leƙen asiri za mu je?" in ji ta. "Maman Safiya, ni da ko a coci ba na iya raɗa? To, Allah Ya kai mu. Amma ke za ki ja mota, ni aikina ci da surutu."

Na sa Safiya ta yi mini alkawari ba za ta sanar da Hafiz ba. Muka zaɓi Laraba, ranar da yake bakin aiki, muka fita bayan sallar asuba da ruwa a jarka da dambun nama da kilishin da wani ɗalibi ya kawo mana tsaraba.

Ba zan ɓoye muku ba, da muka hau babbar hanyar arewa tsoro ya kama ni. Manyan motoci na wuce mu suna girgiza 'yar motarmu kamar kwando. Na kama layin hagu na ƙi saki. Gonakin kwakwar manja suka sa mu a tsakiya, layi bayan layi, har ido ya gaji da kore. Mutumin da ya tashi a Zariya ya saba ya hangi inda zai je tun daga nesa, a nan kuwa itatuwa ne ke rufe ka ta kowane gefe, sai sama kaɗan a bisa kai. A Tapah muka tsaya, Rifkatu ta sayo gwaiba yankakkiya da garin tsami, ta ce wai maganin barci ne. Da muka doshi Ipoh sai ga duwatsu sun miƙe tsaye daga ƙasa, farare, da daji a kansu kamar an ɗaura musu ɗankwali. Rifkatu ta leƙa ta taga ta taɓe baki.

"Waɗannan ne duwatsun? Su zo Filato su ga iyayensu."

"Naku ai tsirara suke. Waɗannan sun san sutura."

"Ki dai kalli gabanki, Hajiya, ga rami can."

Ramin da aka huda cikin dutse take nufi, wanda hanya ke shiga bayan doguwar hawa. Na shige shi ina karanta duk addu'ar da na iya, ita tana rera waƙar coci, muka fito ta ɗaya gefen a kan gangara mai lanƙwasa, ƙafata ba ta bar birki ba har muka haye kogin Perak. Daga nan tsoro ya sake ni. Na lura na daina ƙirga motocin da ke wuce ni, na koma tunanin abin da zan tambaya da yadda zan tambaye shi. Wajen Taiping ruwa ya tare mu, irin wanda ba a ganin fitilar motar gaba, muka lallaɓa har ya ɗauke. Bayan mun wuce mararrabar Penang da Sungai Petani, dutsen Jerai ya tsaya shi kaɗai a hagunmu, sai kawai ƙasa ta buɗe. Fadamar shinkafa ce shimfiɗe har ƙarshen gani, lokacin girbi, ruwan zinariya a wani wuri, baƙin toka a inda aka riga aka ƙone kara, ga balbelu na bin motar girbi kamar yadda suke bin shanu a gida. Na rage gudu ba tare da na sani ba. Tun da na bar Najeriya ban ga sama mai faɗin wannan ba. Kadawa na tuna, a hanyar Kano, lokacin da muke zuwa ɗaukar shirin manoma.

"Ashe su ma suna da arewa," in ji Rifkatu.

Ƙauyen su Hafiz yana gaba da Jitra, a ƙarshen wata siririyar kwalta da ke bin gefen magudanar ruwa. Mun isa bayan azahar. Muka tsaya a wani kedai, wato shagon shayi, mai teburi uku a gindin mangwaro, muka nemi shayi. Dabarar da muka shirya a hanya ita ce mu 'yan kasuwa ne daga Kuala Lumpur, muna neman inda za mu riƙa sarin shinkafa. Sai a wurin na ga wautarmu. A Zariya mai bincike yakan ɓace cikin mutane saboda kamarsu ɗaya. Mu kuwa mata biyu ne baƙaƙe, cikin atamfa, ɗaya da mayafi ɗaya da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, a ƙauyen da watakila ba a taɓa ganin ɗan Afirka ba sai a wasan ƙwallo. Rifkatu ta fara jawabin shinkafa da ƙwazo. Mai kedai, wata mace mai ƙiba da fara'a, ba ta saurare ta ba, ni take kallo. Can ta shige ciki ta fito da waya, ta dube ta, ta dube ni, ta tafa hannu.

"Mak Safiya! Goshin iri ɗaya ne!"

Mak a yarensu uwa ke nan. Hoton Safiya ne, wanda Hafiz ya aika wa ƙanwarsa, ƙanwar ta aika wa rabin ƙauyen.

"Shi ke nan," in ji Rifkatu da Hausa. "Asirinmu ya tonu tun ba a kawo shayi ba."

Na yi tunanin juyawa. Amma na riga na yi alkawari, kuma na san ko mutane sun san kai wane ne, in ka iya sauraro ba za ka tashi hannu wofi ba. Na tambayi mai kedai, na tambayi wani dattijo da ke sharar ƙaramin masallacin ƙauyen, na tambayi wata mata da ke shanya kifi a kan raga. Malayancin arewa yana da wuya, suna haɗiye ƙarshen kalma, Rifkatu na cike mini inda na rasa. Bakinsu ɗaya: mutanen kirki ne. Uwar, Mak Timah, ita ke wankan gawar mata a ƙauyen. Hafiz ba ya wuce mako biyu bai zo ba. Ƙannensa mata duk sun yi karatu. A aikin rediyo na koyi cewa idan jami'i ya lissafa maka abu huɗu da sauri, na biyar ɗin da ya tsallake shi ne labarin. Mutum uku sun yabi gidan nan daga uwa har auta, ba wanda ya ambaci maigidan. Ba su ce ya rasu ba, ba su ce yana nan ba. Shi Hafiz abin da ya taɓa gaya mana shi ne mahaifinsa ya yi ritaya, ba ya jin daɗi sosai. Da na tambayi dattijon masallaci kai tsaye, sai ya jingine tsintsiya, ya dubi rana, ya ce in ina son ganin maigidan, Pak Din, in bi magudana, yanzu lokacin fitarsa ne.

Muka bar mota muka bi gefen ruwan a ƙafa. Rana ta yi sanyi, iska na kawo ƙamshin sabuwar shinkafa da hayaƙi. A inda magudanar ta rabu biyu akwai ƙofar ruwa ta ƙarfe, da abin juyawa a kanta mai kama da sitiyarin babbar mota, an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Wani tsoho dogo, cikin tsohuwar rigar ma'aikata da aka goge ta sosai, ya kama ƙarfen da hannu biyu yana ta ƙoƙarin juyawa. Sarƙar na ƙara, ƙarfen ba ya motsi. Yana magana da ƙarfi da mutanen da ba sa wurin, yana ba su umarni. A bayansa wata 'yar tsohuwa ta riƙe masa laima, ɗaya hannun nata kuma yana riƙe da gefen rigarsa don kada ya zame cikin ruwa. Ban buƙaci a gaya mini ba. Rifkatu ta kama hannuna ta matse.

Muna tsaye sai ga wani a kan babur da buhu a baya. Ya rage gudu, ya ɗaga hannu ya ce, "Pak Din, ruwa ya iso gonata, na gode!" Tsohon ya saki ƙarfen, ya gyaɗa kai da nauyi irin na mai iko, ya ce a kula da kunyar gonar kada ta fashe. Bayansa wata yarinya a keke ta faɗi haka. Direban motar girbi ma ya kashe inji daga cikin gona ya ƙwala masa wannan magana. Lokacin girbi ne, gonakin duk a bushe suke da gangan, ba mai neman ruwa. Daga baya na ji cewa shi ne mai kula da ƙofar nan tun yana saurayi har ciwon ya kama shi, kuma tun daga lokacin ba mai wuce shi a ƙauyen, babba ko yaro, bai ba shi wannan rahoto ba. In ba a ba shi ba, ba ya cin abinci, yana cewa ya bar mutane da ƙishi.

Sai ya juyo ya gan ni. Bai yi mamakin fatata ko tufafina ba. Ya ce, "Ke fa? Gonarki ta samu?"

Na ce, "Pak, ni baƙuwa ce, ba ni da gona a nan."

Fuskarsa ta rikice. Ya koma kan ƙarfen da ƙarfinsa duka, yana cewa an hana baƙuwa ruwa, sarƙar na yankar hannunsa. Matar ta dube ni. Ba roƙo a idonta, ba kunya, jira kawai take ta ga irin mutumin da nake. Na ɗaga murya yadda nake yi a gaban makirfo na ce, "Ruwa ya iso, Pak Din. Na gode." Ya saki ƙarfen. Wannan ita ce magana guda da na faɗa a duk tafiyar nan wadda ba haka take ba, kuma ban taɓa nadamarta ba.

A nan na karya ƙa'idar bincike, na bi Mak Timah gida. Gidan katako ne a kan dirkoki, an goge daɓensa har yana ƙyalli, an sa ƙyaure a bakin matakala saboda Pak Din. Ta wanke masa hannu, ta shafa magani, ta ba shi abinci a baki, sannan ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo shinkafa da kifi da wani yaji da ya sa Rifkatu hawaye. Na bari muka ci. Sannan na ce mata ni uwa ce, ita ma uwa ce, zan yi tambayar da ba ta da daɗi.

"Gado ne?"

Ta gyara bakin tabarma, sannan ta amsa. Ta ce yana da shekara hamsin ya fara mantuwa, daga nan abin ya yi ta gaba. Ta ce mahaifiyarsa ma haka ta ƙare, ita ce ta yi jinyarta a wannan ɗaki. Likitoci a Alor Setar sun ce yana iya bin 'ya'ya, yana iya tsallake su, ba mai iya ba da tabbaci. Ta ce ta umarci Hafiz ya gaya mana tun farko, ya ce 'yarmu ce ta roƙe shi ya dakata.

"In kun fasa, ba za mu riƙe ku a zuci ba," in ji ta. "Ni na san nauyin laimar nan."

A gidan muka kwana. Da safe ta cika mana bayan mota da shinkafa sabuwar casa da busasshen kifi, muka kamo hanyar kudu. Muka wuce dutsen Jerai ina ta juya maganar Mak Timah. Raina a ɓace yake da Safiya, na kuma san dalilinta: ta san ƙa'idar gidanmu, ta san kalma ɗaya ta isa. Rifkatu ce ta tayar da maganar, a wurin hutawa na bakin kogin Perak, muna shan shayi muna kallon ruwa.

"Maman Safiya, ki ce tsufa ne mana. Wa zai zo daga Zariya ya duba? Jiya ba ki yi wa tsoho ƙarya ba? Ki ƙara ɗaya, Allah ba Zai ƙone ki a kan biyu ba."

"Tsohon ba abin da zai yanke da maganata, Rifkatu. Alhaji yana da abin yankewa, Malam ma haka. In na rage musu labari, na yanke musu hukunci ke nan ba da saninsu ba."

"To in suka ce a'a fa? Yarinyar nan za ta karye."

"Zan faɗa duka, har abin da ba a saba tambaya ba. Sannan in tsaya a kan ra'ayina a fili."

"Kai! Taurin kanki ya fi na dutsen Ipoh. Tashi mu tafi."

Ranar Juma'a da yamma aka sake zama, mu ukun nan da wayar a kan tebur. Na ba da rahoto yadda aka koya mini, mafi nauyi a farko. Na ce mahaifin Hafiz yana da ciwon gushewar hankali, kakarsa ma ta yi, likitoci sun ce yana iya bin jini.

"Innalillahi," in ji Alhaji Sabo. "To ai magana ta ƙare. Allah Ya saka miki, Bilkisu, kin yi abin da ban zata ba."

"Ban gama ba, Alhaji."

"Me ya rage kuma?"

Na ba shi labarin ƙofar ruwa, da laima, da rigar da ake gogewa kullum, da mai babur da direban motar girbi. Na ce an aike ni in gano yadda gidan yake, to ga yadda yake: gida ne da cuta ta shiga har sau biyu, ba su ɗaure mai ita ba, ba su ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ba, da na tambaya kuma ba su yi mini ƙarya ba. Na ce babu zuriyar da aka ba takardar tabbacin lafiya, abin da ake iya gani da ido shi ne yadda mutane ke riƙe nasu idan ya faɗi. Na ce ni dai, in ana neman ra'ayina, a ba shi.

"Ba a nemi ra'ayinki ba! Aikenki aka yi. Lawal, kana ji matarka na neman ta sa mana hauka a zuriya?"

Mahaifinku ya juya wajen Safiya.

"Kin san da wannan?"

"Na sani, Baba. Ni na hana shi faɗa. Ku yafe mini."

"Wannan laifi ne, za mu zo kansa. Kin san wata rana kina iya zama ke ce mai riƙe laimar?"

"Na sani. Na je na gan su tun bara, da ƙawayena. Na riƙe ta ma."

Wannan ni ma ban sani ba sai a lokacin. Mahaifinku ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Sannan ya sunkuya kan wayar kamar yayan nasa na zaune a gabansa.

"Yaya, kai ka riƙe ni, ban taɓa tsallake maganarka ba. Ka ce a bincika, an bincika, ba a rage maka komai ba. Ina roƙonka ka yi mini wannan guda ɗaya."

"In ka ba da ita, ba da hannuna ba. Kada a kira ni waliyyi, kada a aiko mini goro."

Layin ya yanke. Mahaifinku ya zauna a wurin har aka kira magariba bai tashi ba. Ku sani wannan shawara ta fi yi masa tsada fiye da kowa, domin shi uba ya rasa a ranar, ba wa kawai ba. Washegari Hafiz ya zo ya durƙusa, mahaifinku ya yi masa faɗan da ban taɓa jin ya yi wa ɗalibi ba, a kan shirun da ya yi, sannan ya ce ya turo manyansa.

Yadda labarin ya juye a gida har ya zama na ɓoye, ban sani ba, ba na kuma zargin Alhaji da faɗin haka. Mutum ne mai zafi amma ban san shi da ƙarya ba. Ina jin dai ya fi wa mutane sauƙi su ce mace ta rufe wa maza ido, da su ce ƙane ya ji komai ya saɓa wa wansa. Cikin waɗanda suka ji da kunnensu, mutum biyu sun rasu, Alhaji da mahaifinku, saura ni da Safiya, sai Rifkatu da ta ga rabin farko, tana nan Cheras, kuna iya tambayarta in kuna da lokacin sauraro.

An ɗaura auren bayan Babbar Sallah a wani masallaci a Kampung Baru, mahaifinku ne ya yi waliyyi da kansa. Daga gida ƙanwata ce kaɗai ta zo. Alhaji Sabo ya ci gaba da amsa gaisuwar mahaifinku a taƙaice, ni kuwa bai sake ɗaga wayata ba har ya koma ga Allah. Pak Din ya rasu shekara biyu bayan bikin, ni na tuƙa mu zuwa jana'izarsa. Hafiz bana yana da shekara arba'in da uku, lafiyarsa lau. Ya gaya wa 'ya'yansa labarin kakansu da bakinsa, kuma duk hutun girbi yana kai su ƙauyen.